Sayayya a manyan kantunan Sin: me ya kamata baƙo ya sani kafin ya shiga?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan raka Baffana daga nan Gombe sarin tayil da kayan banɗaki, za mu yi kamar mako 3. Baffa yana da ciwon suga, kuma ba ya son abincin waje, shi ya sa aka kama mana masauki mai kicin, ni zan riƙa girki. An ce kusa da wurin akwai babban kanti mai hawa biyu da ake samun komai, daga shinkafa har tukunyar lantarki.

Ga abin da nake so in sani. Yaya ake biya, tunda ana cewa can ba a taɓa kuɗi da hannu? Ta yaya zan gane abin da babu alade a ciki, alhali ko harafi ɗaya na rubutunsu ban sani ba? Me zan samu da zai yi tuwo da miya? Sannan mutanen gida sun haɗo ni da saƙo: Inna tana son tukunyar dafa shinkafa, ƙannena kuma fulas da fawa-banki. A kantin zan saya ko akwai inda ya fi? Don Allah wanda ya sani ya yi mini dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Alhajin Babbar Kasuwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ya kai ku lafiya.

Mu fara da kuɗi, don shi ne ake shiryawa tun daga gida. Ka sauke manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat a wayarka kana Gombe, ka yi rajista da layinka na nan, ka ɗora fasfo, ka haɗa katin Visa ko Mastercard. Tun 2023 dukkansu biyu suna karɓar katin ƙasar waje. Dalilin da ya sa na ce a gida za ka yi: bankinka zai turo lambar tabbatarwa ta tes zuwa layinka na Nijeriya, in kuwa ka sauka can ba ka buɗe romin ba, tes ɗin ba zai iso ba. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali, na naira sai ka je banki ka tambayi iyakar da suka yanka maka ta kashewa a waje.

Kuɗinsu yuwan ake ce masa. Cinikin da bai wuce yuwan 200 ba babu ladan da ake cira, in ya wuce sai a cire kashi 3 cikin 100. Kayan yuwan 350 kana iya raba su biyu a wajen kashiya. Kuma a babban kanti kai ne kake buɗe lambarka ta biya a waya, kashiya ta haska ta. A wajen masu tebur ne kake haska tasu.

Maganar ba a karɓar tsabar kuɗi ƙari ne. Dokarsu ta hana ƙin karɓar yuwan. Matsalar canji ce, da kuma injinan biya da kanka waɗanda waya kawai suka sani. Ka riƙe 'yan 10 da 20 da 50, ka bi layin da akwai mutum a zaune. Walmart, RT-Mart, Vanguard, Yonghui, AEON, duk kai tsaye ake shiga. Sam's Club sai da katin zama mamba na yuwan 260 a shekara, na mako 3 bai taka kara ya karya ba. Hema na kamfanin Alibaba an gina shi ne a kan manhajarsa, baƙo yana shan wuya kafin ya gane kansa, ka bar shi sai ka saba.

A ƙofa akwai akwatunan ajiya. Ka danna maɓalli, ɗaya ya buɗe, inji ya fito da 'yar takarda mai lamba. Takardar nan ita ce makullinka. Fasfo da kuɗi kada su shiga akwatin.

Yanzu awo, inda baƙi suka fi ruɗewa. Farashin kayan gwari, 'ya'yan itace, kifi da shinkafar buɗe yawanci a kan 斤 ake rubuta shi, ana kiransa jin, kuma giram 500 ne, rabin kilo ke nan. Kilo cikakke shi ne 公斤. In ka ga tumatir 4.98 da 斤 a gefe, kilo ya kama kusan yuwan 10. Ka zuba kowane kaya a ledarsa daban, ka kai wajen sikelin da ke nan sashen, a auna a manna takarda. A kantuna da yawa in ka kai wa kashiya albasa babu wannan takarda, komawa za ka yi, layi kuma ya wuce ka.

Rangwamensu a juye yake da namu. In an rubuta 8折, kashi 80 na kuɗin za ka biya, wato an sauke 20. 5折 rabin kuɗi. Lambar na yin ƙasa, arahar na ƙaruwa. 买一送一 kuma sayi ɗaya a ba ka ɗaya. Ka kula da alamar farashi mai lamba biyu: babbar mai ja sau da yawa 会员价 ce, farashin masu katin kantin, taka ita ce ƙaramar da ke gefe.

Kashiya za ta yi maka tambaya biyu. Ta farko ko kana da kati, ka ce "me yo", babu. Ta biyu ko kana son leda, ka ce "yaw" in kana so, "bu yaw" in ba ka so. Tun 1 ga Yuni 2008 ledar ɗaukar kaya saye ake yi. Bakko ɗaya a aljihu ya isa. Rasit kuma ka adana, wani lokaci ana dubawa a ƙofar fita, kuma sai da shi ake mayar da kaya.

Malamin Pantami:

Alhaji ya gama da wannan ɓangaren. Ni zan tsaya a kan halal, ƙanena, don a nan ne kuskure ya fi ciwo, kuma hoton da ke gaban leda ba ya gaya maka komai. Bayan leda ake karantawa.

Ka ɗauki hoton waɗannan ka sa a fuskar wayarka. 清真 shi ne halal, ana cewa cingjen. Da a kan haɗa shi da rubutun Larabci, amma a 'yan shekarun nan an cire Larabcin a wurare da yawa, don haka haruffa biyun nan za ka nema, yawanci da kore. 猪 alade. 猪油 man alade. 明胶 jelatin. 酒 giya. 料酒 giyar girki. 牛 saniya, 羊 tunkiya ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi. Mafi muhimmanci: harafin 肉, nama, in ya zo shi kaɗai ba a faɗi na wace dabba ba, a al'adarsu alade ake nufi.

A bayan kowace leda akwai layin da ya fara da 配料, jerin abin da aka haɗa, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Wannan layin za ka haska da mai fassara. WeChat yana fassara hoto ta wajen haska lamba. Google da WhatsApp ba sa aiki a kan intanet ɗin can sai ta romin, don haka in da Google za ka dogara, ka sauke Sinanci a ciki tun a gida. Mai fassara yana kuskure a kan leda mai ƙyalli ko mai lanƙwasa, shi ya sa nake son idonka ya saba da 猪 da 酒 da kansa.

Ga wuraren da alade ke ɓuya. Burodin sashen gashi: wanda aka barbaɗa wa wani abu kamar dambun nama, 肉松 ke nan, galibi na alade ne. Kek da cincin ɗinsu masu ɓarewa fala-fala sau da yawa da man alade ake murza su, shi ke ba su wannan laushin. Ƙwallayen kifi da na naman sa da ke cikin firiza ana cuɗa su da kitsen alade don su yi danƙo, wasu ma a tsakiya ake cusa shi. Haka ƙunshin fulawa mai jatan lande. Taliyar kofi kuma ba taliyar ba ce abin dubawa, 'yar ledar man da ke ciki ce, ko da hoton saniya ne a gaban kwali. Akwai masu tambarin 清真, su za ka ɗauka. Yogot mai kauri da alewa mai taushi su ne gidan jelatin. Malamai sun yi magana a kansa, amma tunda ga wanda babu shi a kan kanta ɗaya, ka ɗauki wancan ka huta.

A abin sha, ka nemi %vol a jiki. Akwai kwalabe da gwangwanaye masu launin lemo, da hoton 'ya'yan itace, alhali barasa ce mai kashi 3 ko fiye. Farar giyarsu kuma garau take kamar ruwa. 酒酿 shinkafa ce da aka tsima, tana zama a firji kusa da yogot, kada ka ɗauka fura-fura ce.

Ɗanyen nama na kan tebur, ko kaza ce ko saniya, in babu 清真 ka bar shi. Ba yankan Musulmi ba ne, kuma sashe ɗaya suke da alade. A firiza ana samun naman rago da na sa daga yankunan Ninsha da Mongoliya ta Gida na arewacin Sin mai tambari, shi ma ka duba 配料 ka tabbata nama ne zalla, don mai arahar da aka yanka fale-fale aka naɗe akan haɗa shi da na agwagwa ko wani kitse. Abin da ya fi: ku sayi nama wajen mahautan Musulmi a unguwar Shawbe, tashar layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko a titin Gwangta inda tsohon masallacin Huwaisheng yake. Ku yi Juma'a, ku sayo na mako guda, ka kasa shi leda-leda a firiza.

Kifi ba ya buƙatar yanka, kuma da rai ake sayar da shi a cikin tanki. Ka nuna wanda kake so, a auna, a kankare a fasa ciki a ba ka. 罗非鱼 karfasa ce, 鲶鱼 tarwaɗa.

Hajiyar Tumfure:

Sannu ɗana, Allah ya yi albarka, hidimar iyaye ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ga na kicin.

Garin tuwo tukuna. Za ka ga ledoji biyu farare kusa da juna, girma ɗaya, kamar tagwaye. 粘米粉 shi ne garin shinkafa na gaskiya, yana tuwo sumul. 糯米粉 garin shinkafa mai danƙo ne, in ka tuƙa shi sai ya kama muciya ya riƙa jan zare kamar ƙaro, ba ya mulmuluwa, ba ya yankuwa da mara. Harafin farko kawai ya raba su. Wanda yake da 糯 ka ajiye. Garin masara 玉米面 rawaya ne, ka ɗauki mai laushi, ka yi talge da kofi 1 na gari a kofi 4 na ruwa, ya dahu minti 10 kafin ka fara zuba sauran. Kada ka ɗauko 淀粉, wannan sitaci ne na kaurara miya.

Shinkafarsu ba turararriya ba ce irin ta Dadin Kowa. Gajeriyar nan mai ƙiba ta arewacinsu, 东北大米, tana haɗe jikinta, ta yi kyau da tuwo, ba ta yi da dafa-duka ba. Ta wara-wara ita ce doguwa, 丝苗米, ko ta Tailan. Ka wanke sau 3, kofi 1 na shinkafa ruwa kofi 1 da ɗan ƙari, ka rage wuta. In ka zuba mata ruwa irin na shinkafar gida, fate za ka sauke. Buhun kilo 5 ya ishe ku.

Amma tunda Baffa na da suga, kada tuwon farar shinkafa ya zama na kullum. A sashen hatsin buɗe akwai dawa 高粱, akwai 小米, wani ɗan gero rawaya mai ƙananan ƙwayoyi, ya fi kusa da acca wajen dahuwa, yana kunu da fate mai kyau. Akwai farin wake mai baƙin ido, 眉豆. A kayan leda kuma ka duba jadawalin bayan: 碳水化合物 shi ne adadin sitaci da suga a giram 100. 无糖 na nufin babu suga. In 白砂糖, wato farin suga, ya zo na ɗaya ko na biyu a 配料, abin nan suga ne zalla, kuma burodinsu da garin waken suyarsu na sha yawanci haka suke. Magungunansa ku tafi da isassu a cikin kwalinsu, da takardar likita.

Kayan miya akwai: kuɓewa ɗanya 秋葵, alayyafo 苋菜 har da ja, kabewa, karas, kabeji, citta, tafarnuwa, riɗi. Attarugu da wuya, madadinsa 小米辣, 'yan ƙanana jajaye, guda 3 sun ishi tukunyar mutum biyu. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi ja-ja da suka yi kama da masoro, 花椒, ba yaji suke yi ba, kashe harshe suke yi ya yi zir-zir, Baffa zai ɗauka wani ciwon ne. Doguwar saiwar nan mai gashi, 山药, mai fassara zai ce maka doya, amma ba ta sakwara ba ce, yauƙi gare ta kuma tana sa ƙaiƙayin hannu wajen fira.

Tumatirin gwangwani ka duba: in 配料 tumatir ne kaɗai ko da gishiri, shi ne. In da suga da ruwan tsami, na dangwala dankali ne, zai ɓata miya. Gishiri 盐, suga 糖, farin magi 味精, ledojinsu duk farare ne.

Man gyaɗa 花生油. In an rubuta 调和油 gauraye ne, gyaɗar cikinsa kaɗan ce ko da hotonta ya cika jarka. Lita 1.8 ta isa, kada ka ɗauko ta lita 5. Madara ta gaskiya 纯牛奶, furotin ɗinta yana kai giram 3 a mililita 100. In ka ga kusan giram 1, ruwa ne da suga aka ɗiga wa madara. Ƙwai ka ɗauki na kaza a buɗe ko a kiret, don masu kyakkyawan kwali na kusa da su wasu na agwagwa ne da aka jiƙa da gishiri, wasu kuma baƙi ne ƙirin a ciki. Shayin da muka saba su jan shayi suke ce masa, 红茶. Jan busasshen abin da mai fassara zai kira dabino, 红枣, ɗan uwan magarya ne. Dabinon Larabawa 椰枣. Zoɓo ma akwai a sashen ganyen shayi, 洛神花.

Sai kwanan wata. Wanda aka buga a baki ko murfi yawanci ranar da aka yi kayan ce, 生产日期, shekara a gaba, sai wata, sai rana. Mutum ya ga kwanan watan jiya ya ce ya lalace, alhali sabo ne fil. Ka nemi 保质期, a nan aka faɗi tsawon kwanakinsa: 天 kwana, 个月 wata. Madarar firji 'yan kwanaki ce, ta kwali yawanci wata 6. Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa, ku sayi jarkar lita 4 ko 5.

Ɗan Jekadafari:

Allah ya saka, na kwafe haruffan duka. Hajiya, da ma Inna ta ce za ta haɗa mana kilishi da kuka da daddawa, mu tafi da su? Sannan har yanzu ina jiran mai bayani a kan tukunya da fawa-banki.

Injiniya, Wunti:

Ga ni daga Bauchi, abokina. Ƙarfin wutarsu 220 ne, tamu 230, duka bugu 50, don haka kayansu na aiki a nan ba sai da taransifoma ba. Fulogin ne daban: nasu ƙafa biyu fale-fale ne, ko uku da biyun suka karkace. Kada ka sa wa tukunya ko buta adaftar nan ta naira kaɗan. Ƙarfen cikinta siriri ne, ba ya kama ƙafar sosai, wurin ya yi zafi, roba ta narke. Ka kai wa mai gyara ya yanke kan ya sa irin namu mai ƙafa uku da fis na amfiya 13: ruwan ƙasa wuta, shuɗi nutural, kore da rawaya na ƙasa. Ya ɗauki har wat 3,000.

Tukunyar Inna ka saya mata mai maɓalli ɗaya, danna ƙasa ta dafa, ta ɗago ta ɗumama. Midea, Supor da Joyoung duk suna yi. Mai allon taɓawa ta fi kyan gani, amma rubutunta Sinanci ne, kuma a cikinta akwai allon lantarki da ba ya jure wutarmu mai hawa da sauka. In an ɗauke wuta ana tsakar dahuwa wasu sai sun koma farko. In allon ya ƙone babu madadinsa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, garantin kuma a Sin kaɗai yake aiki. Mai maɓalli ɗaya kuwa abin zafi ne da maganaɗisu da ɗan fis, kowane mai gyaran ayan zai iya da ita. Litar da aka rubuta girman tukunyar ciki ce, ba yawan ɗanyar shinkafa ba. Lita 5 ta yi wa gida mai mutum 6 zuwa 8, tana jan wat 700 zuwa 900, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta tare da firji ba. Ka buɗe kwalin a teburin kula da masu saye, a jona a gabanka.

Murhun lantarki mai gilashi, wanda ke aiki da maganaɗisu, zai ba ka sha'awa saboda arha. Yana jan wat 2,000 ko fiye, kuma ba ya ganin tukunyar dalma ko ta alminiyon, ƙara kawai zai yi ta yi. Sai tukunyar da maganaɗisu ke kama gindinta.

Fulas ka leƙa cikinsa ko gindinsa ka ga 304 ko 316, nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa. Gwajinsa: cika da tafasasshen ruwa, rufe, jira minti 5. In bayansa ya ɗau zafi, ba ya riƙe komai, ka mayar da rasit.

Fawa-banki a jakar hannu kawai yake tafiya, ba ya shiga kayan awo. Har 100Wh babu matsala. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, mai 30,000mAh ya haura 100, sai da izinin kamfanin jirgi. Rubutun ƙarfinsa ya fito sarai a jiki, kuma ka nemi tambarin CCC, shaidar inganci ta hukumar Sin, don tun 28 ga Yuni 2025 ba a barin marar tambarin ya hau jirgin cikin gida a Sin. In za ku ƙetara zuwa wani birnin Sin kamar Yiwu ta sama, zai shafe ku. Wuƙar kicin kada ka saya a nesa, ana haska jaka a kowace tashar jirgin ƙasa, za a karɓe.

Ka lissafa nauyi. Tikitin da ke bi ta Adis Ababa zuwa Kano ko Abuja yawanci jaka 2 ne masu kilo 23, amma ka karanta naka. Tukunya da kwalinta kilo 4 zuwa 5 ce. Tunda Baffa zai loda kwantena, a sa ta a ciki, a rubuta ta a takardar kaya.

Alhajin Babbar Kasuwa:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a nan zan ɗan saɓa masa: mai allon ma tana zama lafiya a gidan da ke da sola da inbata mai ƙarfi, don wutar a daidaice take. A duba gidan Inna tukuna.

Ɗana, abu ɗaya nake so ka riƙe. Babban kanti wurin ci ne da tsaraba, ba wurin sari ba. Farashinsa na ɗai-ɗai ne, da haraji da hayar gini a kai, ba a ciniki, ba a ragi don ka ɗauki dozin. Amfaninsa gare ka shi ne kayan asali ne, da rasit, kuma za ka ga yadda mai kyau yake kafin ka shiga kasuwa. Ka ɗaga fulas, ka ji nauyinsa, ka ɗauki hoton lambarsa da farashinsa. Gobe in dillali ya miƙo maka irinsa da ya fi shi rashin nauyi, ka san an rage ƙarfe. In ƙannenka na tunanin juya kuɗi, wurin tayil da za ku je, Foshan, a cikinsa Shunde take, cibiyar masana'antun kayan lantarkin gida. Ganyen shayi kuma kasuwar Fangcun a Gwanzu.

Abincin leda kada ka sayo da niyyar sayarwa a nan. Sai da rajistar NAFDAC, kuma rubutunsa dole ya zama wanda mai saye zai iya karantawa.

Akwai kantunan da ke da alamar mayar wa baƙi haraji. Tun Afrilu 2025 sayayyar yuwan 200 a kanti ɗaya rana ɗaya ta isa. Ka nuna fasfo, a ba ka fom da rasit na hukuma da ake kira fapiyaw, a filin jirgi kwastam su ga kayan ba a yi amfani da su ba, a dawo maka da kusan kashi 9 cikin 100. Ka tambaya kafin ka biya, ba kowane kanti ba ne. In kuma aka sayar maka da abin da ya lalace aka ƙi karɓa, lambar ƙorafin masu saye 12315 ce, ka sa tafintanku ya kira.

Hajiyar Tumfure:

Kilishi a'a, ɗana, ka ba Inna haƙuri. Kwastam ɗin Sin sun hana shiga da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe ko soyayye, har dambu. Haka man shanu, ƙwai, ɗanyun 'ya'yan itace da irin shuka, ɗanyen goro ma yana iya faɗawa ciki. Suna da na'ura da karnuka a wajen ɗaukar jaka. Ku cinye shi kafin ku sauka.

Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji su ne abin da kantin ba zai ba ka ba. A daka su lukui, a zuba a leda mai haske, a liƙe bakin da injin liƙe leda, a rubuta sunan kowanne a jiki. In kun sauka ku bi layin masu bayyana kaya ku nuna, abin da suka bari ku wuce da shi. Garin da babu suna a baƙar leda shi ke jawo dogon bincike. Daddawa a dake ta da ɗan gishiri, a sa a roba mai murfin murɗawa, a naɗe da leda biyu, in ba haka ba rigunan Baffa duk za su ɗauka. Kuka rabin kilo ta ishe ku mako 3, cokali 2 a tukunya. Kanwa 'yar kaɗan, in an manta da ita ka nemi 小苏打 a sashen fulawa, ɗan tsinken cokali a ruwan kuɓewa. Muciya da maburgi ka sa a jakar awo, don cokulan katakon da ke kantin sirara ne, a tuƙi na biyu suke karyewa.